Bencin Baba da Funfunar da Muka Gayyato da Hannunmu



Da a ce a shekarun baya wani ya gaya mana cewa akwai ranar da za mu zauna a garin Tamanraset mu rubuta labarin funfuna, da mun ce masa ya yi ɓatan kai. Funfuna, wadda iyayenmu na Adar ke kira hunhuna, abokiyar tafiyar damina ce, mu kuwa a nan damina ba ta leƙo mu sai jefi-jefi. Garin yana zaune ne bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,300, a gindin duwatsun Ahaggar, kuma ruwan da ke sauka a cikinsa a shekara guda bai cika wuce milimita 50 ba, alhali Maraɗi tana samun kusan ninki goma na wannan. A nan idan burodi ya kwana sai ya ƙandare kamar dutse, ba ya yin kore. Mace kuwa kafin ta gama shanya tufa ta ƙarshe, ta farko ta bushe. Ƴaƴanmu da aka haifa a nan sun girma ba su san warin funfuna ba, mu ma da muka san shi tun muna ƙanana mun mance da shi, kuma wannan mantuwa ce ta kusa raba mu da abu mafi daraja da marigayi mahaifinmu ya bari a tsakar gidanmu.

Abin kuwa ba wani abu ba ne illa benci. Baba, Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa, ya hauro daga ƙasar Tawa a shekarar 1985, a lokacin yunwar nan da mutanen ƙasarmu suka sa wa suna El-Buhari, bayan dabbobin gidan sun ƙare. Ya kama sana'ar gashin nama a unguwar Gat-el-Wad, sana'ar da Hausawa suka yi suna da ita a wannan gari har Larabawa da Abzinawa suka ɗauki sunan mai sayarwa suka liƙa wa abincin kansa, suna cewa za su ci "mainama". Da ciniki ya fara kankama, sai wani amininsa kafinta, wanda muka taso muna kira Kawu ko da yake babu dangantakar jini tsakaninmu, ya ƙera masa benci domin masu saye su riƙa zama. Ya yi shi ne da katakon maɗaci da ya ɓamɓaro daga jikin wata tsohuwar motar kaya da ta taso daga kudu ta mutu a nan. Benci ne mai nauyi, sai mutum biyu suke ɗaga shi, kuma yana ɗaukar ƙarti huɗu ba tare da ya yi ƙara ba.

Baba bai yi karatun boko ba, kuma ba ya riƙe littafin bashi. Idan wani baƙo ya ci nama ba shi da abin biya, musamman yaran nan da ke isowa daga hanyar sahara a galabaice, sai ya zaro wuƙarsa ya yi ƴar tsaga a gefen bencin. In mutumin ya dawo ya biya, sai ya gitta wata tsagar a kanta. Gefen bencin na baya cike yake da irin waɗannan tsagogi tun daga wannan kai har wancan, kuma duk wanda ya duba da kyau zai ga waɗanda ba a gitta ba sun fi yawa. Ba mu taɓa jin ya bi wani ya ce a biya shi ba. Da ya rasu, muka ɗauko bencin muka kawo gida muka ajiye shi a jikin katangar gabas, kusa da ɗan iccen lemun tsami da kwandon na'ana'a, ya zama wurin zaman Inna kowace yamma. A nan take shan shayinta bayan la'asar, a nan jikoki ke kewaye ta, a nan kuma baƙin da suka zo daga gida ke fara zama kafin a shimfiɗa musu tabarma.

Kuskurenmu na farko mun yi shi ne da kyakkyawar niyya. Mun ga bai kamata abin tunawa da Baba ya zauna da baƙin maiƙo da tabon hayaƙi ba, sai muka sayo gwangwanin man ƙyallin nan da kafintoci ke kira berni, mafi arha da muka samu, muka goge bencin sama-sama muka laɓta masa da kauri har sau biyu. Ba mu karanta jikin gwangwanin ba, da mun ga cewa na kayan cikin ɗaki ne. Katako ɗaya na tsakiya da ya tsage kuma muka sa wani yaro ya maye shi da farin katakon da ake sayarwa a gari, irin wanda ake shigowa da shi ƙasar Aljeriya ta jirgin ruwa daga ƙasashen Turai masu sanyi. Benci ya yi ƙyalli kamar sabo, muka yi ta murna. Kawu da ya zo ya gani bai ce komai ba, sai dai ya shafa shi da tafin hannu ya girgiza kai. Ranar wannan gari kuwa ba ta da sauƙi: tudu ne, sararin sama garau, hasken yana cin berni yana mai da shi busasshe mai saurin karyewa. Ga shi katako yana kumbura yana tsukewa tsakanin zafin rana da sanyin dare, wanda a tsakiyar hunturu yakan kai kusa da daskarar da ruwa. Cikin shekara biyu sai ƙananan tsagogi suka bazu a fuskar bernin kamar jijiyoyin ganye, mu kuwa muna kallo ba mu ɗauke su a bakin komai ba.

Kuskure na biyu ya zo ne a wata shekara da muka tashi tafiya gida bikin ɗiyar yayarmu, a farkon watan Agusta. Tafiya ce mai nisa: kusan kilomita 400 zuwa Ingizam, sannan Asamaka, Arlit, Agadas, kafin a kai Tawa, saboda haka muka yi shirin yin mako bakwai. Tsoronmu shi ne ƙura da rana, da kuma ruwan bazata da kan sauko a wannan wata idan hadarin kudu ya yi ƙarfi ya hauro har Ahaggar. Sai muka naɗe tabarmar Inna da ƴar katifar soso da take jingina da ita muka ɗora bisa bencin, muka kawo babban tamfol na leda muka lulluɓe su gaba ɗaya har ƙasa, muka jera duwatsu a kan bakinsa ta kowane gefe domin kada iska ta samu hanya. Inna tana tsaye tana kallo, sai ta ce, "Ku bar masa hanci mana ya yi numfashi." Muka yi dariya muka ce, "Inna, katako ne, ba rago ba." Ta yi shiru ta shige ɗaki. Muka ba ɗan maƙwabta mabuɗi muka roƙe shi ya riƙa ba lemu da na'ana'a ruwa.

A nan ya kamata mu ɗan karkata, domin waɗanda suka daɗe a garin nan za su gane abin da muke nufi. A da, lokacin da ake sayen ruwa daga motar tanki ana auna shi da jarka, babu mai zuba wa ƙasa ruwa sai da lissafi. Ruwan wanke-wanke ma sai ya yi aiki biyu kafin a zubar. Tun da aka kawo ruwan Insala a shekarar 2011, ta bututun da ya ratsa kusan kilomita 750 na sahara, hannunmu ya saki. Aka fara wanke tsakar gida da tiyo, aka dasa itatuwa, aka jera tukwanen shuka a gindin katanga. Ni'ima ce babba wadda ba ma raina ta, amma ta sauya yanayin tsakar gidajenmu ba tare da mun lura ba. Yaron maƙwabta ya riƙe amana fiye da yadda muka nema: kullum da safe yakan saki tiyo a gindin lemun har ruwa ya malala, malalar kuwa tana gangarowa ne ta ƙarƙashin tamfol. Sannan a cikin makonnin nan aka yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu, har ƙoramar da ta ratsa gari ta kawo, indararon ɗakin Inna kuma yana zuba ne taku uku daga inda bencin yake.

Ranar da muka dawo, tun kafin mu gama ɗage duwatsun wari ya tarbe mu, warin tsohon rumbu a tsakiyar damina. Da muka yaye tamfol ɗin sai muka ga cikinsa jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga jikinsa, alhali waje ƙasa ta bushe ƙamas. Tabarma ta yi baƙi, katifar soso ta yi kore da toka-toka, fuskar bencin kuwa ta rufe da wani farin gashi mai laushi kamar audugar rimi, da ɗigo-ɗigon baƙi a ko'ina. Farin katakon da muka sa a tsakiya shi ya fi muni, ya zama kamar an watsa masa tawada. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallo, ba ta tuna mana da maganarta ba, kuma wannan shirun ya fi mana zafi da a ce ta yi faɗa. Garin neman ƙiba mun samo rama.

A daren nan ne al'amarin ya wuce batun katako. Ƙaramar ɗiyarmu, mai fama da ciwon fuka, wato asma, ta kasance cikin waɗanda suka ruga suka leƙa, har ta sa yatsa tana shafa farin gashin. Kafin asuba tari ya sarƙe ta, numfashinta yana fito, sai da muka kai ta wurin likita. Ya bayyana mana cewa funfuna tana sakin wasu ƙwayoyin iri ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, kuma idan aka yaye wurin da ta taru sukan tashi cikin iska da yawan gaske. Ga mai lafiya sukan sa atishawa da ƙaiƙayin ido, ga mai fuka kuwa, ko tsoho, ko wanda jikinsa ya yi rauni, sukan tayar da ciwo sosai. Ya ce a nisantar da ita da Inna daga wurin har a gama aiki. Washegari wanmu ya bugo waya daga Alje ya ce, "Ku fitar da shi ku ƙone kawai, zan aiko da kuɗin kujerun roba. Lafiyar yarinya ta fi katako." Ba mu iya cewa bai yi gaskiya ba, amma kuma babu wanda ya iya zuwa ya gaya wa Inna haka.

Tabarma da katifar dai ba mu yi gardama a kansu ba: mun ƙulle su cikin leda muka fitar, domin abu mai ramuka kamar soso idan funfuna ta shige cikinsa ba ya wankuwa. Bencin kuma muka kinkime shi muka kai bayan gida, inda iska ke wucewa kuma babu mai zama. Sannan muka tafi shagon kayan gini neman magani. Mai shagon, wanda ba ma zargin niyyarsa, ya ce mu haɗa ruwan jabel da asid ɗin wankin masai, wanda ake rubuta wa esprit de sel, wai haɗin yana kashe komai. Mun saya har mun kama hanyar gida, sai Allah Ya sa muka biya ta wurin Kawu domin mu gaishe shi mu kuma ba shi tsarabar gida. Da ya ji abin da ke cikin ledar da abin da muke shirin yi, sai ya miƙe zaune ya ce, "Ku da kuka yi lakwal, wannan ne iliminku? Yana kashe komai, gaskiya ne, har da mai haɗawa." Muna roƙon kowane uba da kowace uwa da ke karanta wannan su riƙe shi da kyau: ruwan jabel idan ya haɗu da asid kowane iri, har da ruwan khal na girki, yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma idan ya haɗu da sinadarin wanki mai amoniya yana fitar da wata gubar makamanciyarta. Ba a haɗa shi da komai sai ruwa.

Kawu ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, ya daɗe da ajiye zarto. Amma da hantsi sai ga shi jikansa yana riƙe da sandarsa, da ƙusa guda a aljihu. Ya sa aka kifar da bencin, ya durƙusa yana bin katakon yana danna bakin ƙusar a wuri-wuri, yana saurare kamar mai gwajin kankana. Ya ce mana, "Abu biyu ne, kada ku haɗa su. Akwai funfuna, akwai ruɓa. Funfuna a bisa take zama, dattin da ke jikin katako take ci, tana ɓata fuska amma ba ta karya ƙashi. Ruɓa ita ce ke cin naman katakon kansa, ita kuwa sai ya daɗe a jiƙe take samunsa. In ƙusa ta ƙi shiga, bencinku yana da rai." Ƙusar ta ƙi shiga a ko'ina a jikin maɗacin, sai a gindin ƙafafu biyu na baya, inda ta nutse kamar a cikin rogo dafaffe. Farin katakon kuwa ko gwada shi bai yi ba, ya ce a cire a kai murhu.

Daga baya da muka bincika, mun tarar maganar tsohon ta yi daidai da abin da masana katako suka tabbatar. Ƙwayoyin irin funfuna suna ko'ina cikin iska, har a sahara, suna jiran abu uku ne kawai: laima, ɗumi, da abinci. Katakon da ruwan da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba yana cikin aminci, kuma busasshiyar iskar garin nan tana riƙe katako nesa ƙwarai da wannan iyaka, shi ya sa ƙofofinmu ke shekara da shekaru ba su yi komai ba sai tsagewa. Amma abin da ya jiƙe ya zauna cikin iska mai laima, funfuna tana iya fara tsiro a kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu kuwa mun gina mata ɗaki ne na musamman. Da rana, zafin Agusta yana tayar da ruwan da ke cikin ƙasa ya zama tururi, tamfol ya hana shi fita. Da dare ledar ta huce, tururin ya koma raɓa a cikinta ya ɗigo bisa bencin. Gari ya waye a sake. Mako bakwai bencin Baba yana cikin daminar da ta fi ta Kano laima, a tsakiyar sahara. Abinci kuma ga shi a wadace: ƙura, sukarin shayin da ya ɗiɗɗiga, da maiƙon naman shekara da shekaru da muka rufe da berni ba mu wanke ba. Bernin da muka ɗauka garkuwa ne shi ya ƙara dagula al'amarin, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi ta tsagogin ya shige ƙarƙashi, sannan sauran bernin ya hana shi fita. Ƙafafun kuwa sun sha ruwa ne ta gindi, inda aka yanke icce a gicciye, domin ta nan katako ke zuƙar ruwa kamar yadda yake yi tun yana tsaye a daji.

Aikin ya ɗauke mu kusan mako uku, mafi yawansa jira ne. Kawu ya hana mu kai bencin tsakiyar rana, wanda shi ne abin da zuciya ta fara raya mana. Ya ce katakon da ya ƙoshi da ruwa idan ranar Tamanraset ta buge shi kai tsaye, bayansa zai bushe cikinsa yana jiƙe, sai ya tsage ya karkace. A inuwa aka ajiye shi, bisa duwatsu, inda iska ke ratsa shi sama da ƙasa. Ya kuma hana mu kakkaɓe funfunar a bushe, domin kada ta tashi mu shaƙa. Muka sa safar hannu ta roba da takunkumin hanci na kantin magani, domin rawani da muka saba rufe fuska da shi a ranar ƙura bai isa ya tare waɗannan ƙwayoyi ba. Muka fara da tsumma mai laima muna kwashewa a hankali muna jefa tsummokaran cikin leda, sannan muka wanke da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi, muna bin tsawon katakon. Wannan wankin kaɗai ya tafi da farin gashin duka da rabin baƙin. Bayan ya sha iska muka shafe shi da farin ruwan khal, wanda ake rubuta wa vinaigre blanc, muka bar shi kamar awa guda, muka ɗauraye sosai, muka tsane shi da busasshen tsumma.

Sai bayan kwana uku, da ya bushe warin khal ya tafi, Kawu ya yarda a taɓa jabel, shi ma domin gwaji da farko. Ya sa aka zuba kofin shayi ɗaya cikin kofi goma na ruwa, aka ɗiga a kan tabo daban-daban. Wanda ya dushe cikin minti ɗaya ko biyu, ya ce wannan funfuna ce. Wanda bai motsa ba, musamman baƙin da ya kewaye kawunan ƙusoshi, ya ce wannan aikin ƙarfe ne: maɗaci idan ya jiƙe yana taɓa ƙarfe yakan yi baƙi, kuma ko an kwana ana zuba jabel ba zai fita ba. Akwai wani gari mai guba da ake sayarwa da sunan sel d'oseille wanda ke cire irin wannan, amma da yara a gida muka ga bai cancanci a shigo da shi ba saboda tabon da ba ya cutar da kowa. Jabel ɗin ma ba mu yawaita ba, domin yana kashe launin katako, yana sa fuskarsa ta yi gashi-gashi, yana kuma sa ƙusa tsatsa. Inda aka shafa, an ɗauraye bayan ƴan mintoci.

Da aka zo kan ɗigon da ke ƙarƙashin berni, babu wata dabara sai gurza. Muka sayo samfefa iri uku, mai lamba 80 da 120 da 180, muka fara da mai kaushin muka ƙare da mai laushin, kullum muna bin tsawon katako ba ma gittawa. Yayin da bernin namu mai arha yake tafiya, sai jan maɗacin ya riƙa fitowa, launin da ko mu ba mu taɓa gani a jikin bencin ba, domin tun da muka buɗe ido baƙi muka san shi. Jikan Kawu ya yanke kimanin yatsa biyu daga gindin ƙafafun huɗu duka domin su daidaita, ya kuma maye katakon tsakiya da wani guntun jan katako mai tauri da tsohon ya ɓoye a ɗakinsa tun zamanin da yake aiki. Ya ƙi karɓar ko dinari ɗaya.

A gefen baya ne hannunmu ya tsaya. Funfuna ta shige cikin tsagogin wuƙar Baba ta zauna, kowace tsaga ta zama baƙin layi. Idan ana son baƙin ya fita sarai, dole a gurje gefen har a wuce zurfin tsagogin, wato a shafe su ke nan. Muka yi kwana biyu muna jayayya a tsakaninmu. Wasunmu suna cewa da yarinya mai fuka a gida bai kamata a bar ko ɗigo ba. Wasu suna cewa in an shafe tsagogin to me ya rage, ai gara kujerun robar da Yaya ya ambata. Muka kai maganar gaban Kawu. Ya ce, "Baƙin da kuke gani gawa ce. Ku bi kowace tsaga da tsohon buroshin haƙori da khal, ku bari ta bushe ƙwarai, ku rufe. Funfunar da ba ta samu ruwa ba ba ta tashi. Ni ban san adadin mutanen da ke cikin tsagogin nan ba, amma na san wasunsu, akwai waɗanda yau suke da motoci a kan hanyar Agadas." Muka koma wurin likita da wannan bayani, shi ma ya ce abin tsoro shi ne wanda ke tashi cikin iska, tabon da aka wanke ya bushe aka rufe ba shi ne damuwarsa ba. Haka muka zauna yini guda, mu uku, muna bin tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Mun fara ƙirgawa, daga baya muka bari.

Mun ƙara masa kwana goma a inuwa kafin a rufe, domin wanda ya shafa berni bisa katako mai sauran laima ya sake ɗaure ɓarawo ne a cikin ɗaki. Da farko mun so mu shafa masa man da ake kira huile de lin, saboda arharsa, amma aka gargaɗe mu cewa ɗanyensa yana jinkirin bushewa kuma funfuna tana samun abinci a jikinsa. Muka sayi bernin waje, irin na jiragen ruwa da ake rubuta wa vernis marin, mai jure rana da ruwa, wanda kuɗinsa ya ninka na farkon. Shafi uku aka yi, kowanne siriri, da yini guda a tsakani da ɗan gurza mai laushi, kuma da sassafe kafin iska ta taso da ƙura. Wannan karon an shafa har ƙarƙashi, gindin ƙafafun kuwa sai da aka shayar da su har suka ƙi sha. Kawu ya ce ko wannan ba na har abada ba ne a ƙarƙashin ranar garin nan: duk shekara bayan hunturu a duba, in an ga ya fara dushewa a gurza sama-sama a ƙara shafi ɗaya tun bai tsage ba.

Bencin ya koma tsakar gida, amma ba wurinsa na da ba. Yana jikin katangar arewa yanzu, ƙarƙashin ƴar rumfar kwano da muka kafa, nesa da lemu da indararo, da tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, kowace ƙafa tana bisa falalen dutse. In za mu yi tafiya, tsohon zane kawai muke yafa masa a sama saboda ƙura, gefuna a buɗe. Tamfol ɗin mun ba maƙwabci yana rufe buhunan siminti da shi.

Ranar da aka gama, mun jira har la'asar kafin muka kira Inna. Ta fito da butar shayinta, ƙaramar ɗiyarmu tana biye da ita da kofuna. Ta zauna, ta ɗan yi jim, ta ce ya yi ƙasa. Muka gaya mata an rage ƙafafun da yatsa biyu. Ta ce ba laifi, ita ma ta rage tsawo tun da aka ƙera shi. Sannan ta miƙa hannu baya, ba tare da ta waiwaya ba, tana lalube gefen katakon da yatsunta har ta samu tsagogin, ta bar hannun a wurin, ta ce wa yarinyar ta zuba shayi kada ya huce.